1:87, 1:76 ko 1:64, waɗanne motoci zaka jera a gefen ƙaramin layin dogonka?

Yawancin mutane ta hanya ɗaya suke shiga wannan harkar. Mutum ya samu saitin ƙaramin jirgin ƙasa, ko wani ɗan'uwa ya taho masa da shi daga waje ko ya yi oda, ya shimfiɗa dogon a kan katako, ya jona wuta jirgi ya fara zagaye, sai ya ga ai tashar ba kowa, ba mota ba lodi ba komai. Daga nan sai ya wuce babban kanti ya kwaso ƙananan motocin wasa na Hot Wheels guda biyar shida ya jera a gefen dogo, to a nan ne ido zai fara gaya masa akwai matsala ko da bai san sunanta ba, don ƙaramar motar gida ta kusa kai tsayin ƙofar tarago.

Matsalar ma'auni ce, kuma ni a wajena ita ke yanke hukunci kafin a zo maganar kamfani ko maganar ƙarfe da roba. Idan kaga an rubuta 1:87 a jikin kwali ana nufin an rage girman abin sau 87 ne. Ɗauki Fijo 504 da kowa ya sani, tsawonta wajen mita huɗu da rabi. A 1:87 zata dawo kamar milimita 52, a 1:76 kamar 59, a 1:64 kuma ta kai 70. A rubuce bambancin ba wani abu bane, amma ka ajiye su kusa da juna kaga yadda ta 1:64 ke cinye sauran, don ba tsawo kaɗai ke ƙaruwa ba, faɗi da tsayi duk tare suke tafiya. Mutum mai tsayin mita 1.7 kuwa a 1:87 bai cika milimita 20 ba, saboda haka in kana da ɗan mutum-mutumi ɗaya na ma'aunin jirginka ka riƙa sa shi a aljihu in zaka sayen mota, ka tsayar da shi a gefenta, in rufin motar gida ya wuce kansa kawai ka mayar musu da kayansu.

Jiragen da suka fi yawa a duniya HO ne, wato 1:87, dogonsu faɗin milimita 16.5, su ake yayi a Amurka da Jamus da sauran Turai. Ingila kuma suna da nasu, OO, wanda yake 1:76 amma a kan wannan dogon dai na 16.5 yake tafiya. Dalilin kuwa a shekarun 1930 ne, jiragen Ingila na gaske jikinsu ya fi na Amurka da na Turai ƙanƙanta, injin lantarkin lokacin ya ƙi shiga cikin kan jirgi in an rage shi sau 87, sai suka ɗan kumbura jikin suka bar dogon yadda yake, kuma har yau a haka suke. Shi yasa zaka ga an rubuta OO/HO a kwalin wasu kaya kamar abu ɗaya ne, a dogo kam abu ɗaya ne, a mota ba haka bane sam.

Bari in fara da 1:64 tunda ita ce mai sauƙin samu. Hot Wheels na kamfanin Mattel sun fito a 1968, Matchbox sun girme su, 1953 kamfanin Lesney na Landan ya fara su, kuma tun 1997 su ma suna hannun Mattel ɗin. Ga Majorette na Faransa, ga Tomica na Japan da suka fara a 1970. Araha kam ba a magana, a Amurka Hot Wheels ta gama-gari dala ɗaya da 'yan kai ce, a nan ma ko da an ɗora riba da kuɗin shigowa bata kama ƙafar sauran ba, kuma ana tsintar na hannu a cikin kayan wasan yara na gwanjo. Ƙarfe ne mai jure faɗuwa, yaro ya taka bata fashe ba. Amma fa ka sani waɗannan ba don ma'auni aka yi su ba, don kwali aka yi su. Kowace mota sai an matse ta ko an buɗa ta ta cika tsawon wajen inci uku, shi yasa zaka ga ƙaramar Mini da motar kashe gobara tsawonsu ɗaya, Mini ɗin ta fi 1:64 girma motar gobarar kuma ta gangara can wajen 1:100 ko ƙasa da haka. Ga tayoyin Hot Wheels masu faɗi da ƙyalli da fenti mai zanen harshen wuta, an yi su ne don su yi gudu a kan layin roba mai ruwan lemo, ba don su tsaya a bakin tasha suna jiran fasinja ba.

Sai dai wannan matse-matsen yana da wani amfani da mutane basu cika lura da shi ba. Tunda ana ƙanƙanta manyan motoci don su shiga kwali, wasu tifofi da tankoki na Matchbox da Majorette suna faɗowa kusa da HO ba tare da an yi niyya ba. Juya motar ka duba cikinta, Tomica da Majorette da Matchbox da yawa suna buga lambar ma'aunin a ƙasan, in kaga 1:90 ko 1:100 a babbar mota zata zauna a teburin HO lafiya lau musamman in ka tura ta can baya. Siku na Jamus ma suna da jerin tireloli da motocin gona na ƙarfe da aka yi su takanas a 1:87, kayan wasa ne dai, ba su da ƙananan bayanai sosai, amma girman daidai ne kuma suna da ƙwari.

Akwai kuma 1:64 na gaske, waɗanda ake yi wa manya masu tarawa, irin su Tomica Limited Vintage da Auto World da Greenlight da Mini GT. Waɗannan an auna su, tayar roba ce mai kyau, fitilu daban aka saka. Kyau kam sun yi, sai dai a gefen jirgin HO sun fi shi girma da kusan kashi 36 cikin ɗari, kyawunsu ba zai gyara wannan ba. Jirgin da ya dace da su shi ne S, wanda shi ma 1:64 ne, kuma zan dawo kansa don akwai wata magana da ta shafe mu.

To 1:87 fa? A nan ne abin yake da ɗan ban haushi ga mai son ƙarfe, don mafi kyawun motocin HO ba na ƙarfe bane, na roba ne, kuma kusan duk Jamusawa ke yin su. Wiking tun tuni suke wannan sana'ar, daga Balin suka faro, a 1984 masu Siku suka saye su. Herpa suna Dietenhofen, sun shiga motocin 1:87 a 1978, sun fi ƙarfi a sababbin motoci da tireloli. Brekina su kuma tsofaffin motoci suka riƙe, na shekarun 1950 zuwa 1980, Busch suna taɓa ko'ina har motocin Amurka, Rietze kuma bas-bas da motocin asibiti da na 'yan sanda. Dalilin da yasa roba ta ci kasuwa a wannan girman ba wani ɓoyayye bane. Ƙarfen da ake zubawa, wanda ake kira zamak, tutiya ce aka gauraya da alminiyam da ɗan magnesiyam da tagulla, kuma akwai iyakar sirantar da zai yi a cikin mazubi. Ginshiƙin da ke tsakanin gilashin gaba da na ƙofa a motar gaske bai fi faɗin tafin hannu ba, in ka raba shi sau 87 ya dawo kamar milimita ɗaya, roba tana iya wannan cikin sauƙi, ƙarfe kuwa sai ya yi kauri, sannan a zo a watsa masa fenti wanda shi ma yana da nasa kaurin ya cike layin ƙofa da na bonet. Shi yasa motar ƙarfe 'yar ƙarama take yin kamar ta kumbura in ka ɗauke ta hoto kusa-kusa.

Ba wai babu na ƙarfe masu kyau a 1:87 ba. Schuco na Nuremberg suna da jerinsu na 1:87 mai jikin ƙarfe, Bosuwaja da Marsandi da Porsche da taraktoci, amma kar ka ruɗe da Piccolo ɗinsu, wannan 1:90 ne kuma dunƙulen ƙarfe ne ko gilashi babu, na ajiya ne a kabad. A Amurka akwai jerin Mini Metals da Classic Metal Works suka ƙirƙiro, tsofaffin Ford da Chevrolet da manyan motocin kaya na tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Oxford Diecast ma suna da jerin motocin Amurka a 1:87. In kuma katafila da gireda kake so na wajen aikin hanya ko wurin fasa dutse, Diecast Masters suna yin na Cat a wannan ma'aunin, kuma a irin waɗannan injinan ƙarfe ya fi roba dacewa don dama can abin mai kauri ne, nauyin ma yana sa su zauna daram a kan tarago. Abin da zaka lura dai shi ne zaɓin ƙarfe a HO ya karkata ne ga Amurka da Jamus, in garin da kake ginawa ba ɗayansu bane zaka sha nema.

1:76 kuwa nan ne gidan ƙarfe. Turawan Ingila sun saba da motar ƙarfe a gefen jirgi tun asali, don Dinky Toys ɗin da ake ji, da suka samu wannan sunan a 1934, kamfanin Meccano na Liverpool ya ƙirƙiro su ne a matsayin kayan ƙawata jiragen Hornby, har a 1957 suka fitar da Dublo Dinky musamman don OO. Yau Oxford Diecast na Swansea, da aka kafa a 1993, su suka cika kasuwar, motoci ɗaruruwa, Landiroba tun daga ta farko, Morris Minor, Austin, Bedford manya da ƙanana, motocin madara, na gidan waya, na soja. Bas kuma akwai EFE da Corgi. Kuɗinsu a ƙa'ida ya fi na robar Jamus sauƙi, suna zuwa a ɗan akwatin roba mai haske an ɗaure su da sukuru a ƙasa, lambar mota da rubutun jiki duk an buga. In jirginka Hornby ne ko Bachmann na Ingila to kar ma ka wahalar da kanka, nan zaka tsaya.

Tambayar da ake yawan yi ita ce ko za a iya sa 1:76 a teburin HO. Bambancin kamar kashi 14 cikin ɗari ne. Ni ra'ayina ana iyawa amma da sharaɗi, kar ka haɗa mota iri ɗaya ta ma'auni biyu a waje ɗaya, Bosuwajar Oxford kusa da Bosuwajar Wiking tonon asiri ne kai tsaye. Babbar mota ta fi ɓoye bambancin don dama manyan motoci girmansu ba ɗaya bane a titi, ba wanda zai ce wannan rokar ta yi girma. Ka sa masu girman a gaba kusa da mai kallo, ƙananan a baya, ido da kansa zai ɗauka nisa ce ta rage su. Da wannan dabarar har motar ma'aunin N, wanda ya fi HO ƙanƙanta sosai, zaka iya sawa can ƙarshen tebur a kan tudu ta zama kamar tana da nisan kilomita.

Yanzu ga inda maganar ta zo gida. In kana so teburinka ya yi kama da tashar Kano ko mahaɗar Zariya ko Kafanchan, akwai abu biyu da zasu canza lissafin gaba ɗaya. Na farko sitiyari. Najeriya a hannun hagu ake tuƙi irin na Ingila har zuwa 2 ga Afrilun 1972 da aka koma dama. Kenan in zamanin dalar gyada kake so, lokacin da Bedford da Austin ke sauke buhuna a bakin dogo, motocin Oxford masu sitiyari a dama su ne daidai, kuma irin motocin da suka yi yawo a nan ɗin ne ma. In kuma bayan 1975 kake so, lokacin da PAN, kamfanin Fijo na Najeriya, ta fara haɗa Fijo a Kaduna ana kuma haɗa Bosuwaja a Legas, to sai ka koma wajen Jamusawa, Brekina suna da 504 da 404, Wiking sun daɗe suna yin Marsandin nan mai gajeren hanci dangin 911, sai dai ka cire bodin ka yi mata na katako da sandunan ashana ko siraran katakon balsa, ka rubuta mata abin da ake rubutawa a goshi. Wannan aikin kuwa a roba ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, wuƙar reza da gam sun isa, ta ƙarfe sai ka huda ƙusoshin da suka riƙe ƙasanta da na'urar huji kafin ma ta buɗe.

Na biyu faɗin dogon kansa. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911, wanda daga baya ya miƙa Ƙaura Namoda da Nguru har Maiduguri a 1964, faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, milimita 1,067, ba irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba mai 1,435. Ɗauki kalkuleta ka raba 1,067 da 64, zaka samu 16.7. Dogon HO kuma 16.5 ne. Kaga kenan dogon HO da ake samu ko'ina, in ka ɗauke shi a matsayin tsohon layinmu, ma'aunin da ya dace da shi 1:64 ne kusan cif, ba 1:87 ba. Ba sabon abu bane, masu wannan sha'awar a New Zealand haka suke yi tun da daɗewa don su ma faɗin dogonsu kenan, ana kiransa Sn3½. A irin wannan teburin motocin 1:64 na gaske, Land Cruiser da Hilux da Hiace da tsofaffin Datsun da kamfanonin Japan ke yi, sun zama 'yan gida, har Matchbox ɗin da aka buga wa 1:62 ko 1:64 a ciki ta samu wajen zama. Wahalar ita ce jirgin, don ba zaka shiga kanti ka ce a baka kan jirgin NRC, hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, a wannan ma'aunin ba, sai ka sayi na HO ka cire jikin ka gina wani mafi girma a kan injin da ƙafafun, da kwali mai tauri ko fallen roba. Wanda ya taso yana ƙera motar langa-langa ko ta kara ba zai ji tsoron wannan ba, amma in kai mai son buɗe kwali ka ɗora ne kawai to ka bar wannan hanyar.

N da O ba zan daɗe a kansu ba. N ƙanana ne sosai, 1:160 a Amurka da Turai, 1:148 a Ingila, 1:150 a Japan, Fijon nan wajen milimita 30 ce kawai, a wannan girman ƙarfe ko roba duk ɗaya ne a ido, Oxford suna da na ƙarfe Tomytec suna da na roba, ka ɗauki wanda ka samu. O kuma manya ne, 1:48 a Amurka, 1:43.5 a Ingila, kuma sun yi sa'a don 1:43 shi ne ma'aunin da masu tara motocin ƙarfe suka fi yayi tun zamanin Dinky da Corgi, ga manyan motoci na 1:50 birjik. Matsalar O ɗaki ne, in ba falo guda zaka sadaukar ba ka manta.

Sai maganar yanayinmu, wadda masu rubutu daga Turai ba ruwansu da ita. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma duk abin da ke kan tebur sai an goge shi. Motar ƙarfe ka ɗauke ta ka share da buroshi mai laushi ka mayar, shikenan. Ta Herpa kuwa madubanta daban suke zuwa kai zaka maƙala, siraran gaske, rana ɗaya hannu ya kuskure madubi ya tafi kuma ba zaka ƙara ganinsa ba. In akwai yara a gidan wannan kaɗai ya isa ya sa ka karkata ga ƙarfe. Rana kai tsaye ta taga tana koɗar da launin duka biyun, tana kuma iya lanƙwasa siraran sassan roba a hankali. Ƙarfen ma yana da nasa ciwon, in an samu darma ta gurɓata haɗin tun a masana'anta, bayan shekaru sai jikin ya fara tsatstsagewa yana kumbura har ya ruguje, laima tana ƙara masa gudu kuma ba shi da magani. An fi ganinsa a tsofaffin Dinky na kafin yaƙin duniya na biyu amma yakan ɓullo jefi-jefi a na baya-bayan nan, don haka in zaka sayi ta hannu ka duba ko akwai ƙananan tsaga a ƙarƙashin fenti ko ƙofar da ta daina zama daidai.

Wani abu kuma, in kana mafarkin wata rana motocinka su riƙa tafiya da kansu irin na Miniatur Wunderland, babban gidan kallon ƙananan jiragen ƙasa da ke Hamburg, wanda aka buɗe a 2001 kuma shi ma 1:87 ne, to roba ce hanyar. Tsarin kamfanin Faller na sa su tafiya waya ce ake binnewa a ƙarƙashin titi, motar tana da ɗan maganaɗisu a gaba yana bin wayar yana juya tayoyin, batir da inji suna cikin bodi, jiki mai nauyi ba ya yi a nan.

Ko wacce ka saya dai, yadda ta fito daga kwali tana ƙyalli bata yi kama da motar titi ba, kuma ta ƙarfe ta fi wannan laifin don fentinta ya fi sheƙi. Ka rufe gilasan da ɗan tef, ka fesa mata banish marar ƙyalli sama-sama, ka kankare alli mai ruwan ƙasa ka shafa a tayoyi da ƙasan bodi da buroshi. Ka ɗan goge ƙasan tayar da fayil don ta zauna kamar tana da nauyi, ka ɗiga gam kaɗan kar girgizar jirgi ta gangaro da ita kan dogo, don ta ƙarfe in cikinta ya taɓa layukan biyu lokaci ɗaya zata haɗa wuta jirgi ya tsaya. Amma fa in kana tunanin sayarwa gaba to kar ka taɓa ta, masu tarawa kwali da fentin asali suke biya, shi yasa gara tun farko ka raba, waɗannan na kabad ne waɗannan na tebur.

In ka matsa min in zaɓa maka: mai jirgin Ingila ya tsaya a Oxford da EFE, ya gama. Mai HO ya sa robar Jamus a gaba inda ido ke sauka, ya cike wajen lodi da bayan gari da Schuco da Siku da duk babbar motar Matchbox ko Majorette da lambar cikinta ta faɗa tsakanin 1:80 da 1:100, ƙananan Hot Wheels kuma ya bar wa yara. Wanda kuma bai riga ya sayi jirgi ba, kuɗinsa ba yawa, hannunsa na iya aiki, kuma tsohon layin Kano yake so ya gani a ɗakinsa, ni 1:64 a kan dogon 16.5 zan ce ya bi, don a nan ne kaɗai motocin da zai iya samu a kasuwar garinsu suke daidai da jirgin, abin da zai yi oda daga waje bai wuce dogon da kan jirgi ɗaya da 'yan taragun da zai sake wa jiki ba.